Zobba Biyar na Shikago da Yadi 440 na Kano

A shekarar 1925 maɗaba'ar Jami'ar Shikago ta fitar da wani littafi mai suna The City, wanda Robert Park da Ernest Burgess da Roderick McKenzie suka haɗu suka rubuta. A babin da Burgess ya rubuta akwai wani zane da ko yaron firamare zai iya kwaikwaya: zobba biyar, ƙarami cikin babba, kamar an yanka albasa a tsakiya. An kai shekara ɗari ke nan, zanen bai mutu ba. Yana nan a littattafan labarin ƙasa daga Indiya har Najeriya, ɗalibai na haddace shi don cin jarrabawa, malamai na zana shi a allo suna cewa ga yadda birni yake. Abin da ba a cika tsayawa a tambaya ba shi ne, wane birni ne wannan, kuma wa ya zaunar da mutanensa inda suka zauna.

Mu da sana'armu ita ce rubuta manhaja mun saba da kalmar samfuri. Samfuri shi ne ka ɗauki abu mai sarƙaƙiya, ka zubar da duk abin da kake ganin bai da muhimmanci, ka riƙe ɗan abin da ya rage don ka iya lissafi da shi. Ba laifi ba ne, domin in ba haka ba ko taswirar hanya ba za ta zanu ba. Sai dai abin da mutum ya zaɓa ya zubar ya fi abin da ya riƙe bayyana yadda yake kallon duniya. Da wannan idon muke so mu bi tarihin zanen birane.

Shikago da Burgess ya sani gari ne da ya tashi kamar wutar daji. A 1840 mutanensa ba su kai 5,000 ba. A 1890 sun haura miliyan ɗaya, duk da gobarar 1871 da ta cinye tsakiyar garin. A 1920 sun kai miliyan 2.7. Layukan dogo sun haɗu a can daga kowace kusurwa, ga katafariyar mayankar dabbobi da aka buɗe a 1865, ga masana'antun ƙarfe. Baƙi suna ta kwararowa daga Jamus, Ailan, Folan, Italiya da Rasha. Gari ne shimfiɗaɗɗe, ba dutse ba kwari, ba fada ba ganuwa, ba wani tsohon gini da za a ce a kauce masa. Kuɗi ne kawai ke magana a kan fili, ko kuma haka aka ɗauka.

Zoben tsakiya shi ne cibiyar kasuwanci, wadda mutanen garin ke kira Loop saboda layin jirgin ƙasa na sama da ya kewaye ta. Zobe na biyu shi ne inda abin sha'awa yake: tsofaffin gidaje da suka lalace, ɗakunan haya, ƙananan masana'antu, da unguwannin sababbin zuwa. Na uku na ma'aikatan da suka ɗan samu ne, yawanci 'ya'yan baƙin farko. Na huɗu na masu rufin asiri. Na biyar na waɗanda ke kwana a bayan gari su shigo aiki a jirgi, tafiyar rabin awa zuwa awa ɗaya. Burgess ya aro harshen masana tsirrai ya ce kowane zobe yana kutsawa cikin na gaba da shi, kamar yadda wata ciyawa ke mamaye fili ta kori wadda ta tarar. Baƙo ya sauka a zobe na biyu, ya tara kuɗi, ya matsa na uku, wani baƙon ya gaji ɗakinsa.

Akwai gaskiya a nan, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Me ya sa talaka ke zaune a kan fili mafi tsada, dab da kasuwa, mai kuɗi kuma ya tafi inda fili ke da araha? Burgess da abokansa sun lura cewa masu gidajen zobe na biyu jira suke kasuwa ta faɗaɗo ta saye filinsu, don haka ba sa gyara, sai dai su yanyanka gida ɗaki-ɗaki su zuba 'yan haya. Daga baya, a 1964, William Alonso ya zuba abin cikin lissafi: talaka ba ya iya biyan kuɗin mota kullum, sai ya haɗu da mutum goma su biya hayar ɗan fili mai tsada; mai kuɗi yana son sarari, sai ya sayi babban fili mai araha ya biya da tafiya. Tushen wannan tunanin ya girmi Shikago. Wani Bajamushe mai gona, Johann Heinrich von Thünen, ya zana irin waɗannan zobban tun a 1826 don noma: madara da kayan lambu kusa da gari saboda saurin lalacewa, sai itacen girki saboda nauyi, sai hatsi, sai kiwo can nesa tunda dabba da ƙafarta take zuwa kasuwa. Wanda ya san karkarar Kano ta da ba zai yi mamaki ba. Jakuna su shigo da itace, su fita da taki, kuma iyakar inda jaki zai je ya dawo a yini ita ce iyakar gonakin da ake nomawa kowace shekara ba hutu. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazarin wannan zoben na Kano.

To amma ko a kan takardar Burgess ɗin kanta akwai abin da ya ƙi shiga zobe. A zanensa na biyu, inda ya ɗora samfurin a kan Shikago ta gaske, tafkin Michigan ya cinye kusan rabin da'irar. Wannan ƙaramin abu ne. Babban shi ne wani siririn zirin da ya miƙe kudu ya ratsa zobba, ba ruwansa da iyakarsu. Wannan ita ce unguwar baƙaƙen fata. A 1910 baƙaƙen fatar Shikago sun kai 44,000. A 1920 sun zama 109,000, a 1930 kuma kusan 234,000, yawancinsu masu gudun wariya da talauci daga kudancin Amurka. Ɗan Folan da ya tara kuɗi yana iya matsawa zobe na gaba. Baƙar fata ko likita ne ba ya iya wa. Tsakanin 1917 da 1921 an jefa bam sau 58 a gidajen baƙaƙen da suka tsallaka iyaka da na dillalan da suka sayar musu. A 1919 an yi tarzomar da ta ci rayuka 38. Bayan haka masu gidaje suka koma ga takarda: yarjejeniyar da ke haramta sayar wa baƙar fata gida ko ba shi haya, wadda kotuna suka ci gaba da tilastawa har 1948, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta hana. Duk wannan yana faruwa a unguwannin da ke kewaye da jami'ar. Amma samfurin ya kira abin da ciyawa na mamaye ciyawa.

Homer Hoyt ne ya fara gyara zanen da hujjar alƙaluma. Masanin tattalin arzikin filaye ne, ya bi farashin fili a Shikago na shekara ɗari ya wallafa a 1933. A 1939 ya fitar da nazarin kuɗin haya a biranen Amurka 142, ya ce birni ba albasa ba ne, ya fi kama da kankana da aka yanka tsaye: kowane yanki ya taso daga tsakiya ya miƙe waje yana faɗi. Masu kuɗi in sun kama wata fuska, gefen tafki ko tudu ko inda iska ba ta kawo hayaƙi, haka za su yi ta binta tsara bayan tsara. Masana'antu su bi layin dogo da kogi, ma'aikata su bi masana'antu. Ya fi Burgess kusa da abin da ido ke gani.

Sai dai Hoyt ba malamin jami'a ne kawai mai kallo daga nesa ba. Daga 1934 yana aiki a hukumar gidaje ta gwamnatin tarayyar Amurka, wadda ke tsaya wa bankuna a kan bashin sayen gida. A littafinsa na 1933 ya kawo jerin ƙabilu bisa yadda dillalai ke ganin suna ɗaga farashin unguwa ko karya shi, Ingilishi da Jamusawa a sama, baƙaƙen fata da 'yan Meziko a can ƙasa. Littafin ƙa'idojin hukumar ya shawarci masu gina unguwanni su riƙa sa irin waccan yarjejeniyar ta wariya. A shekarun nan kuma wata hukumar gwamnati ta zana taswirar birane sama da 200, ta shafa wa unguwanni launi huɗu, kore ga mafi kyau, ja ga mafi haɗari, kuma kusan duk inda baƙar fata ke zaune ja aka shafa. Unguwar da aka ce mai haɗari ce ba ta samun bashi, wadda ba ta samun bashi ba a gyara ta, wadda ba a gyara ba ta lalace, sai a dawo a ce ai dama mun faɗa. Duk wanda ya taɓa horar da manhaja a kan bayanan da ita kanta ta haifar ya san wannan ramin. A nan ne zanen birni ya tashi daga bayani ya zama umarni, kuma sai a 1968 aka yi dokar da ta haramta wariya a harkar gidaje.

A 1945 Chauncy Harris da Edward Ullman suka ƙara da cewa birnin zamanin mota ba shi da cibiya ɗaya, yana da cibiyoyi da yawa: tashar jirgi, jami'a, rukunin masana'antu, kowace na jan nata mutanen. Da wannan aka cika ukun da ake koyarwa. Dukansu 'yan Amurka ne, dukansu kuma sun sha ruwan Shikago. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Da an tsallaka teku lissafin sai ya juye. A Faris mai kuɗi ne a tsakiya. Tsakanin 1853 da 1870 Haussmann, da umarnin Napoleon na Uku, ya rushe tsofaffin lunguna ya shimfiɗa manyan tituna, haya ta tashi, talakawa suka yi gabas da bayan gari. Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnati ta gina dogayen benaye a wajen birni, waɗanda daga baya suka cika da ma'aikata daga Aljeriya, Maroko da Afirka ta Yamma. Kalmar da ke nufin unguwar bayan gari, wadda a Amurka take kawo hoton gida mai lambu da gareji, a Faransa tana kawo hoton Clichy-sous-Bois, inda tarzomar 2005 ta fara. A Latin Amurka kuwa doka ce ta riga gari. Sarki Philip na Biyu na Sifaniya ya sa hannu a 1573 kan ƙa'idojin kafa birane a ƙasashen da suka mamaye: dandali a tsakiya, coci da gidan mulki a bakinsa, tituna a miƙe kamar gidan dara, daraja kuma gwargwadon kusancinka da dandali. Da Ernst Griffin da Larry Ford suka zana samfurin biranen yankin a 1980, sai ga zoben waje, wanda a Shikago na masu hali ne, ya zama na bukkokin 'yan ci-rani. Abin da suka lura da shi mai amfani shi ne irin waɗannan unguwanni suna gyaruwa da shekaru. Mutum ya fara da kwano da katako, ya sa bulo, ya yi bene, ruwa da wuta su biyo baya. A Shikago tsufan unguwa lalacewa ne. A Lima da birnin Meziko tsufanta ci gaba ne.

Gideon Sjoberg ya yi ƙoƙarin haɗa biranen da suka riga masana'antu cikin samfuri ɗaya a 1960, ya ce a cikinsu masu mulki da malaman addini ne a tsakiya, marasa galihu a gefe. Kano ta da ta shiga wannan, amma rabi kawai. Tarihin Kano ya nuna an fara ganuwa zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kafa kasuwar Kurmi a bakin Jakara. Tun daga nan birnin yana da cibiya biyu, ta mulki da ta ciniki, ƙarni huɗu da rabi kafin Harris da Ullman su gano cewa hakan na yiwuwa. Ganuwar kuma ba iyakar gidaje ba ce. Da Heinrich Barth ya zo a 1851 ya tarar da babban ɓangaren cikinta gonaki ne da fili, domin garin da aka yi wa ƙawanya dole ya ci abinci, kuma mutanen karkara su sami inda za su fake.

Abin da ya raba unguwannin Kano ba kuɗin haya ba ne. Sunayensu ma sun faɗa: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Dandalin Turawa inda Larabawan arewacin Afirka suka zauna, Ayagi ta Yarabawa, Soron Ɗinki, marinar Ƙofar Mata. Asali da sana'a ne ke zaunar da mutum. Attajiri da ɗan dako suna iya haɗa katanga, malami da almajiransa suna zaure ɗaya, baƙon fatake kuma yana sauka gidan fatoma, ko a Fagge da ke wajen ganuwa. Ba muna cewa gari ne na adalci zalla ba. Akwai bayi, akwai sana'o'in da ake raina masu su, akwai wanda bai isa ya taka ƙofar fada ba. Muna cewa ne ma'aunin da aka jera mutane da shi daban ne, kuma zobe ba ya kama shi.

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903. Ba su rushe birnin ba, ba su kuma zauna a cikinsa ba. Suka kafa nasu wurin a gabas, wajen Nasarawa da Bompai. Layin dogo ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turai suka sami filaye kusa da tasha, Kwarori suka sami nasu inda Kantin Kwari yake a yau. Akawuna, ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa daga kudu da Saliyo da ƙasar da ake kira Gana yanzu aka yanka musu Sabon Gari wajen 1913, da tituna a miƙe, kuma shekaru da dama ba sa ƙarƙashin Sarki, suna ƙarƙashin jami'in Turawa ne. 'Yan arewa da ba 'yan gari ba aka nuna musu Tudun Wada. A Zariya tsarin ya fi fitowa fili, har yau mutum zai iya binsa da ƙafa: birni, Tudun Wada, Sabon Gari, sai unguwar Turawa.

A 1917 gwamnatin Lugard ta mai da wannan doka ga dukan ƙasar. Cikin ƙa'idojin tsara garuruwa har da cewa a bar fili marar gini mai faɗin yadi 440, wato kimanin mita 400, tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Hujjar da aka bayar sauro ne. A 1897 Ronald Ross ya tabbatar da cewa sauro ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, likitocin mulkin mallaka kuma suka ce yaran Afirka ne ma'ajiyar cutar, sai aka ƙiyasta nisan da sauro zai iya tashi aka mai da shi ma'aunin gari. Amma kuku da boyi da mai gadi suna kwana a ɗakunan da ke bayan gidan Bature, sauro kuma bai karanta dokar ba. A garuruwa da dama wannan filin ne ya zama wurin sukuwa, folo da golf.

Ba Ingila kaɗai ba ce. A Dakar, bayan annobar 1914, Faransawa suka kwashe 'yan ƙasa daga tsakiyar gari suka kafa musu Madina. A Maroko, Lyautey da mai tsara masa birane Henri Prost suka bar tsofaffin birane yadda suke, suka gina sababbi a gefe, da sunan girmama al'ada. Janet Abu-Lughod, da ta rubuta tarihin Rabat a 1980, wariya ta kira abin. A Yamai, bayan an ɗauke hedikwata daga Damagaram a 1926, kwarin Gunti Yena ne ya raba tudun Turawa da garin 'yan ƙasa. Inda aka kai abin maƙura shi ne Afirka ta Kudu. Dokar 1950 ta ba gwamnati ikon ware wa kowane launin fata yankinsa, da layin dogo ko babban titi ko fili a tsakani. A watan Fabrairun 1955 'yan sanda suka fara kwashe mutanen Sophiatown a Johannesburg zuwa Soweto, aka rushe unguwar, aka sa wa wadda aka gina a gurbinta suna Triomf, wato nasara. A Cape Town an ayyana District Six ta farare a 1966, aka fitar da mutum sama da 60,000. Wanda ya kalli taswirar waɗannan birane zai ga yankuna sun miƙe daga tsakiya kamar yadda Hoyt ya zana, tsaf. Siffar ɗaya ce, amma motar rusau ce ta yanka ta.

An soke dokar Afirka ta Kudu a 1991, Turawa sun bar Najeriya tun 1960, amma layi a ƙasa ya fi doka daɗewa. Manyan ma'aikatan gwamnati da attajirai suka gaji unguwar Turawa da faffaɗan filayenta da bishiyoyinta, sunan GRA ma ya zama abin da kowane sabon rukunin gidaje ke kwaɗayi. Sabon Gari ya ci gaba da zama garin baƙi ko da an haifi kakan mutum a cikinsa. Da rikicin siyasa ya tashi a Kano a watan Mayun 1953, a kan iyakar Fagge da Sabon Gari aka gwabza, gwamman mutane suka mutu, kuma ba shi ne na ƙarshe ba. Ba mu ce Lugard ne ya ƙirƙiri saɓanin ba. Amma shi ya zana masa fagen daga, ya kuma tabbatar da cewa tsara biyu sun tashi ba su haɗa makaranta, kotu ko makwabtaka ba, alhali Yarabawan Ayagi sun daɗe da zama Kanawa ba tare da an yanka musu gari daban ba.

Littattafan makaranta na ƙasashen waje sun yi ƙoƙarin cike giɓin da zane guda da suke kira birnin Afirka, wanda ake dangantawa da Harm de Blij: cibiyar kasuwanci uku, ta mulkin mallaka, ta gargajiya da ta kasuwar fili, sai unguwannin ƙabilu, sai bukkoki a gefe. A ganinmu wannan ya fi zobban Burgess rauni, domin shi Burgess aƙalla gari ɗaya ya sani kuma ya san shi da kyau. Zane ɗaya ba zai ɗauki Kano mai shekara dubu, da Nairobi da ta fara a matsayin zangon layin dogo a 1899, da Ibadan, da Addis Ababa ba. Akin Mabogunje ya nuna hanya mafi kyau tun a 1968, da ya bi biranen Najeriya ɗaya-ɗaya da tarihinsu, ya nuna yadda tsohon gari da sabo suke zaune kafaɗa da kafaɗa a Ibadan, kowane da tsarinsa.

Akwai wani kashin tarihin da ya shafe mu kai tsaye. A 1965 wani masanin gine-gine da ya karanci lissafi, Christopher Alexander, ya rubuta maƙalar da ya ce birni ba bishiya ba ne. Bishiya a nan irin wadda muke nufi a ilimin kwamfuta ce: kowane reshe uwa ɗaya gare shi, kowane gida na unguwa ɗaya ne, kowace unguwa ta gunduma ɗaya ce, ba inda biyu suka haɗu suka yi tarayya. Ya ce garuruwan da suka girma da kansu ba haka suke ba. Mu ɗauki teburin mai shayi a bakin tasha, kusa da masallaci: na direbobi ne da asuba, na 'yan makaranta da hantsi, na majalisar unguwa da dare. A takardar mai tsara gari kuwa dole ya zama ko wurin kasuwanci, ko wurin zama, ko hanya, kuma tunda bai zama ko ɗaya ba sai a rubuta shi cikin abin da za a tasa. Masu rubuta manhaja sun karɓi tunanin Alexander hannu biyu, har daga littattafansa aka aro salon tsara manhaja da ake koyarwa a jami'o'i. Ta ɗaya gefen kuma Jay Forrester ya zuba birni cikin kwamfuta a 1969, lissafinsa ya fito da cewa gina wa talakawa gidaje masu araha yana ƙara durƙusar da gari. Sakamakon ya biyo zaton da aka shigar ne tun farko, amma da yake na'ura ce ta faɗa, ya yi kwarjini. Daga wannan littafin Will Wright ya ɗebi wani ɓangare na dabarun wasan SimCity na 1989, wanda ya koya wa miliyoyin yara cewa gari launi uku ne, na zama, na ciniki, na masana'anta, kuma magajin gari ba ya shawara da kowa.

Cikin misalan bishiya da Alexander ya kawo har da Brasilia, da wani tsarin faɗaɗa Tokyo na Kenzo Tange. An ƙaddamar da Brasilia a matsayin babban birnin Birazil ranar 21 ga Afrilun 1960, bisa zanen Lúcio Costa mai kama da jirgin sama, kowane aiki da yankinsa. Abin da zanen bai tanada ba shi ne inda leburorin da suka gina ta za su zauna bayan sun gama. Tun a 1958 aka buɗe musu Taguatinga a nesa. A 1971 aka kafa Ceilândia, wadda sunanta ya fito daga gajerun haruffan shirin gwamnati na kawar da unguwannin da aka kafa ba izini. Yau yawancin mutanen yankin babban birnin a irin waɗannan garuruwan suke, ba cikin jirgin Costa ba.

Shekara biyar bayan Ceilândia, a 1976, gwamnatin Murtala Muhammad ta yi dokar ɗauke babban birnin Najeriya daga Legas. Wani rukunin kamfanonin Amurka ya kammala babban tsarin Abuja a 1979, Kenzo Tange ɗin nan kuma shi aka ba zanen tsakiyarta. Gundumomi a cikin sassa, sassa a cikin matakai, kowace unguwa da cibiyarta: bishiya cikakkiya. Ƙauyukan Gbagyi da ke wurin, a takarda, za a kwashe su ne gaba ɗaya, abin da bai taɓa kammaluwa ba. An koma Abuja a hukumance ranar 12 ga Disambar 1991. Maitama da Asokoro suka zauna dab da fadar mulki kamar yadda Sjoberg zai yi hasashe, direba da masinja da malamar makaranta suka yi Kubwa, Suleja, Mararaba da Masaka, biyun ƙarshe ma a jihar Nasarawa suke, Suleja kuma a Neja. Su ne zobe na biyar na Burgess, masu kwana a waje su shigo aiki, sai dai su tun kafin asuba suke fitowa bakin titin Keffi neman mota, kuma kuɗin motar daga albashin da bai isa haya a cikin gari ba yake fita. Nyanya, inda cunkoson ya fi tsanani, an gina ta ne a matsayin masaukin wucin gadi na ma'aikatan da za su gina birnin.